Jingar Kakanku

Ranar Asabar, goma sha biyu ga watan Afrilu na shekarar 2003, da ƙarfe takwas saura kwata na safe, mu biyar muka sauka daga mota a bakin wani daji da ke arewa da Summerfield. Akwai ni, akwai kakanku Alhaji Abarshi, akwai abokina Bitrus mutumin Filato wanda motar tasa ce, sai Isufu da ƙanensa, direbobin tasi 'yan Nijar. Ana yayyafi. A wurin muka tarar da Judi, shugabar masu aikin sa kai na gyaran turbar dajin, da mutanenta tara, kowa cikin rigar ruwa.

Na fara da rana da sa'a da waɗanda suka halarta saboda haka aka koya mini. Shekara goma sha shida na yi ina karanta labaru a gidan rediyo a Kaduna kafin in zo ƙasar nan in zama tafinta a kotu da asibiti, kuma a duka ayyukan biyu doka ɗaya ce: kada ka ƙara, kada ka rage. Abin da ya sa na ɗauko wannan labarin shi ne, bara, ranar sunan ɗan 'yata Zainab, na ji 'yar'uwarta Amina a kicin tana gaya wa mijinta da Turanci cewa ni na kori kakanku daga Amurka, wai na tozarta shi a gaban wata Baturiya a kan hanyar da ba ta ubana ba. Ban ce komai ba, don akwai baƙi. Amina tana da shekara huɗu lokacin da abin ya faru, saboda haka na san a bakin wa ta ji. Ba zan ce ƙarya aka gaya muku ba. Ina da laifi, amma ba wanda kuke ɗora mini ba ne, kuma idan za a tsine wa mutum, a tsine masa a kan abin da ya yi.

Kakanku ya zo mana cikin watan Nuwamban 2002, wata huɗu bayan rasuwar kakarku. Mamanku ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai a ƙauye can gefen Tawa a Nijar ba, da hawan jini da ciwon gwiwa. Izinin zamansa zai ƙare a watan Mayu. Takardun neman masa zama na dindindin mun cike su tun Janairu, na sa hannu a inda ya kamata in sa, saura hannunsa kawai. Suna cikin wani jan fayil a kan firji. Duk lokacin da Mamanku ta sauko da fayil ɗin sai ya ce, "Bari dai," ta mayar. Ku riƙe wannan: abin da duk gidan ke nema a wannan shekara shi ne tsohon nan ya sa hannu ya zauna.

Ku kun san shi a matsayin tsoho mai carbi a bakin taga. Ba haka yake ba. Shekara ashirin shi ne shugaban shantiye, wato filin aikin farfaɗo da ƙasar da ta mutu, a tsaunukan Adar. A can ruwan sama wata uku yake yi, idan ya sauko kuma gudu yake yi ya bar ƙasa fayau. Aikinsa shi ne ya hana shi gudu: a jera duwatsu a gicciye a kan gangare, a tayar da jinga, a haƙa ramuka masu siffar rabin wata, ruwa ya tsaya ya nutse. Mutane ɗari biyu yakan sa a gaba. Wannan mutumin muka kawo muka ajiye a ƙaramin gidan haya a Glenwood, yana kallon ɗalibai suna wucewa a kan keke, yana kallon ruwa yana zuba daga indararo ya bi titi ya faɗa rami. Shekarar kuwa ta zo da ruwa kamar an ɓalle sama. Da farko sai ya fara tara shi. Bokitai, tukwanen Mamanku, har bahon wankan Amina, duk ya jera su a bayan gida. Mai gidan da muke haya ya zo ya yi ƙorafin sauro. Ni na zubar da su, yana tsaye yana kallona kamar ina zubar da hatsi.

Ni kuma dajin, likita ne ya kai ni. Ya ce sukarina ya hau, in riƙa tafiya a ƙasa. A can na haɗu da Judi, tsohuwar malamar kimiyya da ta yi ritaya, gajeruwa, mai furfura, ba ta da wasa a kan aiki. Na shiga cikinsu tun 2001. Aikin ba a biya. Kowa ya zo da abincinsa, ya ɗauki diga ko shebur ko fartanya, a yi tafiyar awa guda cikin daji kafin a kai wurin aiki. Kuma aikin kusan duk abu ɗaya ne: a kori ruwa daga kan turba. Turbar tana ratsa gangare ne a gicciye. Ƙafafun mutane suna danne tsakiyarta, ƙasa ta taru a gefen da ke kallon kwari ta yi leɓe, sai ruwa ya rasa mafita, ya bi turbar yana cinta. Mu sai mu kankare wannan leɓen, ruwa ya tsallake ya gangara cikin ganye ya tafi abinsa.

Mamanku ce ta kawo shawarar, ranar wata Laraba, tana yanka albasa.

"Ka tafi da Baba dajin nan naka ranar Asabar."

"Aikin ba irin nasa ba ne," na ce.

"Ba ƙasa ba ce? Ba fartanya ba ce?"

"Korar ruwa muke yi, Hadiza. Shi kuwa…"

"Kai dai ka cika sharhi. Mutum yana bushewa a bakin taga kana gaya mini bambancin ruwa da ruwa. Ka tafi da shi ya sha iska."

Da ta gaya masa, sai ya ji kalmar aikin gayya, ya miƙe zaune. Ranar Juma'a a masallaci ya gayyato Isufu da ƙanensa, don a wurinsa ba a zuwa gayya hannu rabbana. Su kuwa suka bar tasinsu na ranar Asabar, ranar da ta fi kowace ciniki, saboda Alhaji Abarshi ya kira.

Tun a bakin dajin tambayoyi suka fara. Ya dubi turbar da ta shige cikin itatuwa, ya dube ni.

"Wagga hanya, wane gari taka zuwa?"

"Ba ta zuwa gari, Baba. Zagayowa take yi ta dawo nan."

"Ta dawo nan?"

"Nan inda muke tsaye."

"To mi aka nema ciki?"

"Tafiya kawai."

Sannan ya tambayi wane ne mai gayyar, na ce babu. Ya tambayi wa zai kawo fura, na nuna masa burodi da gyaɗa a jakata. Bitrus ya fashe da dariya.

"Baba, haka suke. Gayya ba tuwo, hanya ba gari. Ni ma shekara biyu ina zuwa, har yau matata tana tsammanin wata nake zuwa gani."

"Da ya fi ma'ana," in ji Isufu.

Judi ta raba aiki. Ƙanƙarar da aka yi a watan Disamba ta karya itatuwa da yawa, saboda haka ita da mutanenta za su wuce gaba da injin yankan itace. Mu ta ba mu wani sashe mai tsawon taku ɗari da hamsin a kan gangare, ƙasa da shi akwai rafi. Ta ce ta fi son aiki cikin yayyafi, don ruwa da kansa yake nuna maka inda yake son bi. Ta ɗauki fartanya ta kankare leɓen turbar kamar taku biyu, jan ruwa ya sulale ya gangara. Ta ce haka za mu yi har ƙarshen sashen. Na fassara wa kakanku, ban ƙara ba, ban rage ba.

"Mi tac ce? A zubda ruwan?"

"Haka ta ce, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya yi wa Judi murmushi, ya ce mata, "Madalla, Kumandan." Ta ɗauka ya gane. Ta tafi.

Ƙarar injinsu ba ta gama nisa ba ya cire babbar rigarsa ya rataye a reshe. Ya bi sashen daga farko har ƙarshe da sanda a hannu, yana durƙusawa yana duban gangaren da ido ɗaya, yana soka sandar a laka. Mutumin da muke taimaka wa ya hau matakala uku na ƙofar gida, ga shi yana tsallake saiwoyi. Ya dawo ya ce ƙasar tana da kyau amma an bar ta tana zubar da arzikinta, waɗannan itatuwan da suka karye ƙishi ne ya raunana su tun farko. Ya ce leɓen nan da matar ta ce a kankare shi ne kaɗai abu mai hankali a wurin, sai dai an yi shi da ragwanci. Za a ɗaga shi ya kai gwiwa, a ɗaure shi da dutse, a yi rabin wata uku a inda gangaren ya lanƙwasa. Isufu da ƙanensa suka ce, "To, Alhaji," suka kama aiki. Bitrus ya matso kusa da ni.

"Malam Habu, ka gaya masa mana."

"Kai ka gaya masa."

"Ni? Surukinka ne. Ni direba ne kawai."

Ku da kuka tashi a nan, kuna ce wa iyayen mazajenku "a'a" a kan tebur kuna ci gaba da cin abinci, ba za ku gane ba. Shekara goma sha ɗaya da auren Mamanku, ban taɓa cin abinci a kwano ɗaya da mahaifinta ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa zama a kujera yana tsaye ba. Duk da haka na gwada, sau ɗaya. Na rusuna na ce, "Baba, ita fa cewa ta yi a sauke gefen nan, ba a ɗaga ba. A nan ƙasar ruwa ya yi yawa."

Bai ko juyo ba.

"Ruwa ba ya yawa. Kai ka san magana, ni na san ƙasa. Ɗauko duwatsu."

Na ɗauko duwatsu. In gaya muku gaskiya, na fi kowa ɗaukowa. Awa huɗu ina hawa da sauka tsakanin rafi da turba, laka har ƙwauri, ruwa yana shiga wuyan rigata, ina ɗauke da dutse, ina sane sarai cewa kowane dutse da na ajiye ɓarna ce. Kuma aikin ya yi kyau, abin haushin ke nan. Ban taɓa ganin an jera dutse haka ba, ba siminti, kowanne ya ciji ɗan'uwansa. Yana aiki yana zolayar ƙanen Isufu cewa tuƙin tasi ya mayar da hannunsa na amarya. Rabona da jin dariyarsa tun kafin rasuwar kakarku.

Wajen ƙarfe ɗaya yayyafi ya zama ruwa sosai. Judi ta busa usur daga can nesa, suka fita ta wata hanyar da ta fi musu kusa, ba ta biyo ta sashenmu ba. A wurin motoci, tana cusa kaya a bayan motarta, ta tambaye ni yaya sashenmu.

"Mun yi aiki sosai," na ce. "Tsohon nan ya san ƙasa."

Babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Wanda ya yi aikin rediyo a zamanin soja ya san yadda ake yin irin wannan jimlar.

Makon nan ruwa bai ɗauke ba, kuma gidanmu bai taɓa daɗi irin na makon ba. Kakanku ya ci tuwo har da ƙari. Ya zauna a ƙasa yana nuna wa Zainab yadda ake rabin wata da shinkafa a kan faranti, tana ba shi amsa da Turanci, yana cewa, "Ƙwarai, ƙwarai," ba tare da ya ji ko kalma ɗaya ba. Duk lokacin da aka yi tsawa sai ya dube ni ya ce, "Tana cika." Ranar Talata ya ce wa Mamanku ta sauko da jan fayil. Ya juya takardun, ya ce idan ya je Asabar ya ga yadda jingar ta riƙe, zai sa hannu, don ya ga alama ƙasar nan tana da aikin da zai yi mata. Mamanku ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ni kuwa kowane ɗigo a kan rufi a kaina yake sauka.

Ranar Alhamis da rana ina barandar kotu a cikin gari, tsakanin shari'a da shari'a, Judi ta kira ni. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce ta je dajin da safe. Sashenmu ya zama kududdufi mai tsawon taku ɗari da hamsin. Masu yawo sun kasa bi, suna sauka gangaren suna kewayewa, sun tattake komai, wata mata ta zame ƙafarta ta gurɗe. Ƙasar da ke ƙarƙashin jingar ta jiƙe ta fara tsagewa. Idan aka ƙara kwana uku ana ruwa, turbar gaba ɗaya za ta zame ta faɗa rafi, hukumar dajin ta rufe ta, kuma wataƙila ta daina barin masu sa kai su taɓa komai.

"Wa ya yi wannan?"

"Mu ne."

"Ka ji abin da na ce ranar?"

"Na ji."

"To ka zo da su ranar Asabar. Duka."

Da magariba na gaya wa Mamanku a kicin, da ƙaramar murya. Ta kashe murhu.

"Gobe ka ɗauki hutu, ka je kai kaɗai ka fasa. Ka ce masa ruwa ne ya cinye."

"Mutumin da ya shekara ashirin yana wannan aikin? Kallo ɗaya zai yi ya bambance cin ruwa da saran fartanya."

"To kada ya je. Ka ce an soke aikin."

"Wannan Asabar. Ta gaba fa? Kuma ya riga ya gaya wa rabin masallaci su zo su gani."

"Sai ya sa hannu tukuna, Habu. Kwana biyu ne. Bayan nan ka gaya masa abin da ka ga dama. Hanyar ta ubanwa ce?"

"In yaudare shi ya sa hannu?"

"Ai ka riga ka yaudare shi! Yanzu ne ka tuna kai mai gaskiya ne?"

Wannan ita ce magana mafi daidai da aka faɗa a duk wannan lamarin, kuma Mamanku ce ta faɗe ta. Na ƙi shawararta. Na ce ni da kaina zan gaya masa gaskiya, a gida, mu biyu, kafin Asabar. Ranar Juma'a bayan la'asar na same shi a bayan gida yana wasa fartanyar da ya aro wurin Bitrus. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa. Na sake gaishe shi. Na tambayi gwiwarsa, ya ce ta warke. Na yi maganar ruwa, ya ce alhamdu lillahi. Na gaishe shi karo na uku, na tashi na koma ciki. A raina na riga na sami mafita: gobe Judi za ta faɗa, ni kuwa baki ne kawai, tafinta ba ya da laifin abin da aka ce.

Asabar, goma sha tara ga wata, motoci biyu muka yi. Mutum bakwai suka biyo shi daga masallaci, har da wani dattijo mai shago wanda bai taɓa shiga daji a Amurka ba, ya zo da takalmin Juma'a. Ruwa ya tsagaita, sai ɗiga daga ganye. Judi tana gaba. Da muka sha kwanar ƙarshe, ga ruwa kwance, ja, shiru, daga nan har can, ganye suna yawo a kai, kwaɗi har sun tare. Kakanku ya wuce kowa, ya taka jingar da ƙafa, ya bi ta yana dubawa, ya juyo ga mutanensa fuskarsa kamar ta ango.

"Kun gani? Kwana bakwai ana ruwa, ko ɗigo bai tsere ba!"

Suka yi ta "Masha Allah." Dattijon mai shago ya ce wallahi sai ka ce a gida. Bitrus ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Judi ta ce in fassara, kuma in fassara duka. Ta yi magana a hankali, jimla jimla, kamar a aji. Ta ce ita ba ta taɓa ganin aikin dutse mai kyan wannan ba a shekarunta na daji. Na fassara. Ta ce amma an yi shi a kan kishiyar abin da ta nema. Na fassara. Ta nuna tsagar da ke ƙasa da jingar, wadda hannu zai shiga, ta ce ƙasar nan yumɓu ce, ba ta shan ruwa, idan aka tsare shi a kanta narkewa take yi ta zame. Ta ce wata mata ta ji rauni. Ta ce dole a rushe komai yau. Na fassara da muryar da nake karanta labarun ƙarfe bakwai, ba hawa ba sauka, idona a kan wata bishiya.

Kakanku ya sauka gangaren a hankali, ya durƙusa, ya zura hannu cikin tsagar, ya ɗebo laka ya murza ta tsakanin yatsu, ya daɗe yana murzawa. Bai yi musu ba. Ya san ƙasa da gaske, saboda haka hannunsa ya gaya masa matar tana da gaskiya. Ya hau ya tsaya a gabana. A karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, dole na dubi idonsa.

"Ka san haka tun ran nan?"

"Na sani, Baba."

"Kuma kak kawo mini duwatsu?"

"Na kawo."

"Awa huɗu."

Ya juya ya dubi jingar.

"Yaro aka yi wa haka," ya ce. "A ba shi ƙasa ya yi wasa, kada ya yi kuka."

Ya karɓi fartanya. Isufu ya miƙa hannu zai taimaka, ya ce kowa ya tsaya. Ya zaɓi wuri a tsakiyar jingar, ya zare dutse ɗaya, ya zare na biyu, ya sara sau uku. Ruwan ya fito da ƙarfi, ja wur, ya gangara rafi. Ya tsaya yana kallonsa har ya ragu. Sannan ya ce da Isufu idan aka bar bakin haka ruwa zai haƙa kwazazzabo, a kawo duwatsun a shimfiɗa su a inda yake faɗawa, manya a ƙasa, ƙanana a tsakani. Haka muka wuni, mu goma sha biyu da mutanen Judi, muna rushewa, yana nuna inda za a shimfiɗa dutse a bakin kowace mafita. Ruwa ya dawo wajen sha ɗaya, ba wanda ya tsaya. Dattijon mai shago ya rasa takalmi ɗaya a laka. Ni bai ƙara ba ni umarni ba. Idan yana son dutse kusa da ni, sai ya kira Bitrus.

Da aka tashi, Judi ta zo ta tsaya a gabansa, jiƙe sharkaf. Ta ce shimfiɗar dutsen nan ta fi wadda suke yi, tana roƙonsa ya dawo ya koya wa mutanenta, akwai wurare da yawa masu bukata. Na fassara, kuma a wannan karon, na amsa laifina, na ƙara. Na sa "don Allah" da "muna bukatarka" waɗanda ba ta faɗa ba. Ya saurara har na gama.

"Ce mata na gode. Ce mata tana da gaskiya, kuma ta iya aikinta. Amma ni ban koyi korar ruwa ba, kuma na tsufa da koyo."

Bitrus ya sauke mu a ƙofar gida. A gida ya yi wanka, ya yi salla, ya kira Mamanku. Ina falo ina jin su. Bai ambaci sunana ba, bai ce an yi masa komai ba. Cewa ya yi damina ta kusa, akwai jingogi a gonarsa da ba wanda zai gyara, ta nema masa tikiti. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta turo Zainab ta roƙe shi. Na shiga na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, Allah ya yi mini albarka. Da ya zage ni da na sami abin kamawa.

To ga abin da nake so ku gyara a labarin da kuke bayarwa. Judi ba ta tozarta shi ba, ta girmama shi fiye da yadda na yi, don ta gaya masa gaskiya kamar yadda ake gaya wa ma'aikaci. Fassarar da na yi a gaban mutane ba ita ce laifina ba, ko yau aka sake zan fassara. Laifina duwatsun Asabar ta farko ne, da gaisuwa uku ta ranar Juma'a. Na ɗauka ladabi nake yi. Har yau idan na tuna, haushin kowa nake ji: na Mamanku da ta ce ƙasa ƙasa ce, na Judi da ba ta biyo ta duba ba, na Bitrus da ya zama direba kawai, na tsohon da ba a gaya masa magana sau biyu, na ruwan da ya ƙi ɗaukewa. Amma su duka ba su san abin da na sani ba a lokacin da nake hawowa daga rafi da dutse a kafaɗa.

Ya tashi ranar sha ɗaya ga watan Mayu, ni na kai shi filin jirgi. Mamanku ta yi mako biyar ba ta ce mini komai ba sai abin da ya zama dole. Ya rayu shekara biyar bayan nan a ƙauyensu, bai sake zuwa ba. Turbar ba ta zame ba, kuma duwatsun da ya shimfiɗa a bakin mafitar ruwan suna nan har yau, guda goma sha ɗaya ne wuraren, na ƙirga su a bazarar da ta wuce. Daga gidan nan tafiyar minti arba'in ce a mota. Mamanku ba ta taɓa zuwa ta gani ba.